Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kwamishinonin Lafiya Na Jihohin Arewa Kan Tsukewar Ƙofar Zuciya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Masu girma kwamishinoni, bayan gaisuwa mai yawa, muna roƙon Allah Ya yi muku jagora a kan amanar da aka ɗora muku. Ni ma'aikaciyar jinya ce mai ritaya, kuma mafi yawan aikina na yi shi ne tsakanin ɗakin yara da sashen awon ciki. Wannan takarda ba tawa ba ce ni kaɗai. Na rubuta ta da yawun iyaye da mazaje da marasa lafiyar da muke haɗuwa a kan benci ranar ganin likitan zuciya, waɗanda yawan zaman jira ya mayar da mu dangi. Wasunsu ba su yi boko ba, wasu kuma suna jin nauyin yi wa hukuma magana, sai suka ce tunda na san yaren asibiti kuma na san na gida, in rubuta a madadinsu. Mun zaɓi wannan lokaci ne saboda ana shirin kasafin kuɗin baɗi, ga kuma hunturu na tafe, lokacin da ciwon maƙogwaro ke yawaita tsakanin yara.

Da yawanku likitoci ne, kun fi ni sanin cutar. Amma tunda takardar a buɗe take, ku yi mini haƙuri in yi bayani saboda sauran masu karatu.

Ɗakuna huɗu ne a cikin zuciya, biyu a sama, biyu a ƙasa. Jinin da ya ɗauko iska daga huhu yakan sauka a ɗakin sama na hagu, ya bi ta wata ƙofa mai ƙyaure biyu zuwa ɗakin ƙasa, daga nan a harba shi zuwa sauran jiki. Wannan ƙofa ita likitoci ke kira mitiral. A babban mutum mai lafiya faɗinta yakan kai santimita murabba'i 4 zuwa 6. A cutar da muke magana a kai, ƙyauren biyu sukan yi kauri, gefensu ya manne da juna, hanya ta yi ta tsukewa shekara bayan shekara. In faɗin ya sauko zuwa 1.5 ko ƙasa da haka, tsukewar ta yi tsanani. Jini sai ya rasa hanyar wucewa da sauri, ya taru a baya, ya matsa wa huhu har ruwa ya tsattsafo a cikinsa. Daga nan haki yake farawa. Da fari sai an hau tudu ko an ɗauko ruwa, daga baya ko sunkuyon shara ya gagara, ƙarshe mutum ya kasa kwanciya sai a zaune ya jingina da bango har gari ya waye. Wasu sukan yi tari da jini, a ɗauka tarin fuka ne. Ɗakin saman da jini ke taruwa a ciki yakan buɗe, bugun zuciya ya rikice, jini ya yi gudaji, ranar da guda ɗaya ya ɓalle ya toshe jijiya a ƙwaƙwalwa sai a wayi gari ɗan shekara 25 ɓarin jikinsa ya shanye. A Turai, lokacin da suke da cutar, ƙofar takan ɗauki shekara 20 ko fiye kafin ta tsuke haka. A ƙasashe irin namu ana ganin ta a tsuke a jikin yaran da ba su kai 20 ba.

Duk wannan daga ciwon maƙogwaro yake farawa, kuma a nan kukanmu na farko yake.

Akwai wata ƙwayar bakteriya, sitireptokokus rukunin A, da ke kama maƙogwaron yara, galibi 'yan shekara 5 zuwa 15. Tana yaɗuwa ta numfashi da tari, don haka ta fi samun wuri a inda ake kwana a cunkushe: ɗaki ɗaya yara takwas, zauren almajirai, ɗakin kwanan makarantar kwana, sansanin 'yan gudun hijira. Ba kowane ciwon maƙogwaro ba ne nata, mafi yawa ma na mura ne da ba ya bukatar komai. Nata yakan zo da zazzaɓi da zafin haɗiya da kaluluwa a wuya, a ga 'ya'yan wuya sun kumbura da fari-farin mugunya, kuma sau da yawa babu tari babu majina. A jikin wasu yaran, garkuwar da ta tashi yaƙar ƙwayar sai ta rikice ta afka wa jikin yaron kansa, ta taɓa gaɓoɓi, ta taɓa ƙwaƙwalwa, ta taɓa ƙofofin zuciya. Wannan shi ne zazzaɓin rumatik, yakan bayyana mako 2 zuwa 3 bayan ciwon wuyan. Abin da ke hana shi sananne ne tun shekarun 1950: allurar fenisilin mai daɗewa a jiki, wato benzatin, sau ɗaya tak, ko kuma, a yau, amoksisilin na kwana 10 cif. Ko an kai kwana 9 da fara ciwon, in aka ba da maganin yana karewa.

To ina yaron ƙauye da na unguwa ke zuwa in wuyansa na ciwo? Ranku ya daɗe, kun san amsar. Wurin wanzami ake kai shi a ce beli ne ya sauko ko hakin wuya, a sa ƙarfe a yanke. Wanda bai je wurin wanzami ba yana kemis, an ba shi kafso huɗu daidai kuɗin da uwarsa ta riƙo. Abin da ya sa wannan al'ada ta ƙi mutuwa shi ne ciwon da kansa yake lafawa cikin kwana 3 zuwa 5, ko an yi magani ko ba a yi ba. Wanzami ya yanke, yaro ya warke, kowa ya shaida aiki ya yi kyau. Mai kemis ya ba da kafso huɗu, zazzaɓi ya sauka, shi ma ya ci yabo. Ba wanda zai haɗa wannan da kumburin gwiwar da zai zo bayan sati uku, balle hakin da zai zo bayan shekara goma. Ban ga laifin uwar ba. Sau nawa aka taɓa gaya mata a rediyo? Mun ji sanarwar shan inna har yaranmu sun haddace, mun ji ta gidan sauro, mun ji ta wanke hannu. Mu dai a kan bencinmu na tambaya ɗaya bayan ɗaya, ban sami wanda ya taɓa jin cewa ciwon wuya na iya lalata zuciya ba kafin ranar da likita ya gaya masa, lokacin ƙofar ta riga ta lalace.

Ko wanda ya daure ya kai yaron ƙaramin asibiti, abin da ya fi samu shi ne a tsaga yatsa a yi gwajin zazzaɓin cizon sauro. Ba kasafai ake cewa yaro buɗe bakinka a haska fitila a leƙa ba, alhali wannan bai fi minti ɗaya ba.

Kuka na biyu, zazzaɓin rumatik kansa ba a gane shi. Yaro zai kwanta da zazzaɓi, gwiwa ta kumbura ta yi zafi, bayan kwana biyu ta saki idon sawu ya ɗauka, daga nan gwiwar hannu. Wannan yawo da ciwon ke yi daga gaɓa zuwa gaɓa alama ce da duk ɗalibin jinya ya karanta. Amma a aikace sai a yi maganin zazzaɓin sauro, a bi da na taifot, a yi gwajin sikila, in ba a ga komai ba a ce sanyi ne. Wata yarinyar kuma ba gaɓoɓi zai kama mata ba. Sai a ga hannunta na fizga ba da sonta ba, cokali na faɗuwa, rubutunta ya lalace, tana murguɗa baki, abu kaɗan ta fashe da kuka. A gida sai a ce iska ce, a nufi wurin masu ruƙiyya. Ni Musulma ce, ban raina addu'a ba, amma wannan fizge-fizge na daga cikin manyan alamomin zazzaɓin rumatik, kuma yarinyar da ke yin sa tana bukatar a duba zuciyarta a fara mata allura a makon. Ba abin da ya hana a haɗa biyun.

Muhimmancin gane shi a wannan mataki shi ne ba kasafai kamu ɗaya ke tsuke ƙofa ba. Maimaituwa ce ke yin ɓarnar. Duk lokacin da ƙwayar ta sake kama wuyan yaron, zazzaɓin na iya dawowa ya ƙara wa ƙofar tabo. Shi ya sa wanda ya taɓa yi ake ɗora shi a kan allurar benzatin duk mako 3 zuwa 4, aƙalla shekara 10 ko har ya kai shekara 21, wanda kuma ƙofarsa ta riga ta taɓu har zuwa shekara 40, wani ma iya rayuwarsa.

Wannan allura ita ce kukanmu na uku, kuma shi ya fi ci mana tuwo a ƙwarya. Tsohon magani ne, mai araha, yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Arahar tasa ce ma ta jawo masa matsala, domin ribarsa kaɗan ce, kamfanonin da ke sarrafa ainihin sinadarinsa a duniya ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, kuma ƙasashe da dama sun sha fama da yankewarsa. Jihar da ba ta yi odarsa da gangan ta ajiye ba, ba za ta same shi bisa sa'a ba. Abin da iyaye ke fuskanta shi ne a rubuta musu takarda a ce su je waje su saya. Su yi ta zagayen kemis, wani wata a samu, wani wata babu, wani lokaci a samu wanda in an dama shi yake toshe bakin allura.

In an samu kuma, sai a rasa mai yi. Akwai wani dattijo a cikinmu, manomi, da ke kawo ɗansa ɗan shekara 13. Akwai ƙaramin asibiti a garinsu, da ƙafa ma zai je. Ma'aikacin wurin ya ce shi ba zai taɓa wannan allura ba, ya ji labarin wani da ya faɗi bayan an yi masa. Don haka duk wata sai dattijon nan ya biya kuɗin mota na mutum biyu zuwa birni ya dawo, kuɗin motar ya ninka na maganin sau da yawa. Da damina ta kama, aikin gona ya taso, kuɗi ya yanke, sai da suka yi wata uku ba su zo ba. A cikin watannin nan zazzaɓin ya dawo wa yaron. Ba wanda ya neme su, domin ba wanda ya san ba su zo ba.

Ba na zargin wancan ma'aikaci. Tsoronsa yana da tushe. Allurar tana da zafi ƙwarai, tana da kauri, kuma a kan sami wanda jikinsa bai karɓar fenisilin, ko da yake hakan ba shi da yawa. An kuma lura cewa masu ciwon da ya riga ya yi tsanani sosai na iya sumewa ko ma su rasu jim kaɗan bayan allurar saboda raunin zuciyar, shi ya sa likitoci kan mayar da irin waɗannan kan ƙwayoyi na sha. Amma duk wannan da horo ake magance shi: a koya masa wanda za a yi wa da wanda za a tura gaba, a ba shi adirenalin, allurar ceton wanda jikinsa ya ƙi karɓar maganin, ya ajiye a kusa, a koya masa dama maganin da lidoken don rage zafi, mara lafiya ya ci abinci ya sha ruwa kafin a yi, a yi masa a kwance, ya huta kafin ya tashi. Ma'aikacin da aka bari shi kaɗai a ƙauye ba horo ba adirenalin, in ya ƙi yi, kansa ya tsare, kuma ni ma da na san aikin ba zan ce ya yi ganganci ba.

Maganar dattijon nan ta kawo mu ga rajista. Ranku ya daɗe, wa zai iya tashi a cikinku ya faɗi yawan masu wannan ciwo a jiharsa, da yawan waɗanda suka sami allurarsu a watan jiya? Ba sabon ilimi muke nema ba. Mai tarin fuka yana da kati da lamba, in ya daina zuwa karɓar magani ana bin sa har gida. Mai cuta mai karya garkuwar jiki haka. Da damina ma'aikata na bi gida-gida suna ba yara 'yan ƙasa da shekara 5 maganin rigakafin zazzaɓin sauro wata-wata. Da irin wannan naci, tare da sarakuna da masu unguwanni, aka kai ga ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji a watan Agustan 2020. Jihohinmu sun iya bin mutum da littafi in sun ga dama. Yaranmu ne kawai ba a buɗe wa littafin ba.

Sai na'urar hoton zuciya, wadda ake kira eko. Abin sauraren ƙirji da muke ratayawa a wuya ba ya kama ciwon da wuri. Binciken da aka buga a 2007 kan 'yan makaranta a Mozambik da Kambodiya ya nuna eko na gano masu ciwon kusan ninki goma na abin da sauraro ke ganowa. A Mozambik, sauraro ya kama kimanin yara 2 cikin 1,000, eko ya kama 30. Wani zai ce to in an gano da wuri me za a yi? An amsa wannan a Gulu da ke arewacin Yuganda. An ɗauki yara 'yan shekara 5 zuwa 17 da eko ya nuna ciwon ya fara amma ba su jin komai, aka raba su biyu, rabi ana yi musu allura duk mako 4, rabi ba a yi. Bayan shekara 2, a sakamakon da ya fito ƙarshen 2021, ciwon ya ci gaba a jikin kashi 8.2 cikin 100 na waɗanda ba a yi wa ba, amma kashi 0.8 kacal a waɗanda aka yi wa. Yanzu akwai eko na hannu da ake haɗawa da waya ko ƙaramar kwamfuta, kuma a Yuganda ɗin ma'aikatan jinya aka koya wa yin gwajin farko da shi. Mu kuwa, mutumin ƙaramar hukuma sai ya zo babban birnin jiha, a ba shi rana nan da makonni, ko a nuna masa wurin kuɗi.

Kukan da ya fi taɓa ni, saboda aikin da na yi, shi ne na mata masu ciki. Juna biyu na ƙara yawan jinin mace da kashi 40 zuwa 50 cikin 100, bugun zuciya ma ya ƙaru. Ƙofar da take lallaɓawa da jinin mutum ɗaya, ba za ta iya da wannan ƙari ba. Shi ya sa mata da yawa ba su san suna da ciwon ba sai ciki ya kai wata biyar ko shida. A wani asibitin koyarwa a Dakar ta Senegal an bi mata 50 masu ciki da ciwon zuciya, kusan dukkansu na rumatik, 17 daga cikinsu suka rasu.

'Yar ƙanwata a ƙauye ta tashi. Tana shekara 11 ta yi ciwon gaɓoɓin nan mai yawo, aka ce sanyi ne, ya wuce. Aka yi mata aure tana 19. Cikinta na fari yana wata shida ta fara haki, ta faɗa a wurin awo, aka auna jininta, aka shafa ciki, aka ce nauyin ciki ne, kowace mace haka take yi. Ba a saurari ƙirjinta ba. Daren da aka kawo mini ita, a zaune take a bayan mota tana kumfa ta baki. Eko ya nuna ƙofar ba ta kai santimita murabba'i ɗaya ba. Allah Ya yi da sauran kwananta, amma ɗan bai zo da rai ba. Yau tana cikin masu jiran aikin zuciya, kuma an gaya mata wani cikin kafin a buɗe ƙofar na iya zama ajalinta. Ku yi tunanin yarinya 'yar shekara 20 da za ta koma gidan miji da wannan magana a bakinta ita kaɗai, ga uwar miji na jiran jika. Kamata ya yi likita ko ma'aikaciyar jinya ta zaunar da mijin da iyayensa ta yi musu bayani, a kuma ba ta hanyar tazarar haihuwa da ta dace da mai ciwon zuciya, domin ba kowace ce ta dace ba.

A nan akwai wani abu da nake so a lura da shi. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu kan ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, suka alaƙanta shi da wankan jego da kunun kanwa da kwanciya kan gadon wuta. Wannan ciwo gaskiya ne, yana nan har yau. Amma sanin sa ya sa duk maijegon da ta kumbura tana haki sai a yanke hukunci a ce kanwa ce. Wasunsu ƙofa ce a tsuke tun suna 'yan mata, kuma eko ne kaɗai zai raba.

Ba 'yar ƙanwata ce kaɗai ba. Wani babban bincike da ya bi marasa lafiya 3,343 a asibitoci 25 na ƙasashen Afirka 12, har da Najeriya, da kuma Indiya da Yaman, ya samu cewa kashi biyu cikin uku mata ne, rabinsu kuma ba su wuce shekara 28 ba. Kusan rabi ba sa kan allurar kariya. Cikin shekara 2, kimanin kashi 17 cikin 100 sun rasu. A duniya baki ɗaya, ƙiyasin 2019 ya nuna fiye da mutum miliyan 40 ke ɗauke da ciwon, yana kashe fiye da 300,000 a shekara, kusan duka a ƙasashe matalauta.

Game da aiki ba zan tsawaita ba, don kowa ya san inda ake. Ƙofar da ta tsuke magani ba ya buɗe ta. Ko dai a zura siririn bututu ta jijiyar cinya a hura balan-balan a cikinta a raba mannewar, dabarar da likitan Japan Kanji Inoue ya bayyana a 1984, wadda ba a tsaga ƙirji kuma ana iya yi wa mai ciki, ko kuma a buɗe ƙirji a gyara ko a sa ta ƙarfe. An yi tiyatar buɗe zuciya ta farko a Najeriya a Inugu tun 1974, amma har yau talakan Arewa in an ce masa sai aiki, abin da ke gabansa miliyoyin naira ne, da sayar da gona, da neman taimako a rediyo da Facebook, da jiran ayarin likitocin waje. Cibiyar Salam da ƙungiyar Emergency ta Italiya ta buɗe a Khartum a 2007 tana yin aikin kyauta ga mutanen ƙasashen Afirka da dama, sai ga yaƙin Sudan da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya sa hanyar ta yi wuya. Wanda kuma aka sa wa ƙofar ƙarfe bai gama ba. Zai sha warfarin iya rayuwarsa, maganin hana jini daskarewa, wanda in ya yi yawa jini ya ɓalle, in ya yi kaɗan ƙofar ta toshe, kuma yana iya cutar da ɗan tayi. Sai da gwajin INR, mai auna saurin daskarewar jini, a kai a kai ake daidaita shi, gwajin da yawancinmu sai mun yi tafiya muke samu.

Masu girma, abin da muke roƙo an riga an amince da shi a takarda. A 2015 masana suka taru a Addis Ababa ƙarƙashin Tarayyar Afirka suka fitar da matakai bakwai na kawar da wannan ciwo, ciki har da rajista, da wadatar benzatin, da kula da mata masu ciwon, da kai eko kusa da jama'a. A watan Mayun 2018 Babban Taron Lafiya na Duniya, wanda Najeriya ke ciki, ya zartar da ƙuduri a kan zazzaɓin rumatik da ciwon zuciyar da yake haifarwa. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin aiki. Amma Janiba, hedikwatar Hukumar Lafiya ta Duniya, ba ta da asibiti a ƙauyenmu, Abuja ma haka. Ƙananan asibitoci da manyan asibitocin ƙananan hukumomi a hannunku suke. Kuma an ga inda aka yi aka dace ba da kuɗi mai yawa ba: a lardin Pinar del Rio na ƙasar Kuba, tsakanin 1986 da 1996, da wayar da kai da rajista da allura a kan lokaci, ciwon a tsakanin 'yan makaranta ya sauko daga 2.27 cikin 1,000 zuwa 0.24.

Don haka ga abin da muke nema.

Ku sa allurar benzatin mai inganci a cikin magungunan da jiha ke saye da kanta, ta kasance a kowane asibitin matakin farko tare da adirenalin da lidoken, kuma kyauta ga duk wanda aka tabbatar yana da ciwon. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanadi asusun kula da lafiya a matakin farko da aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, dokar inshorar lafiya ta 2022 kuma ta tanadi asusun marasa galihu. Ku sa masu wannan ciwo a cikin waɗanda hukumomin taimakekeniyar lafiya na jihohinku ke ɗaukar nauyinsu, har da warfarin da gwajin INR.

Ku buɗe rajista a kowace ƙaramar hukuma, da kati a hannun mara lafiya, da mutum ɗaya da aikinsa ne ya kira waya ko ya aika in an tsallake wata. Ku horar da ma'aikatan matakin farko a kan abu uku: leƙa maƙogwaron duk yaron da ya zo da zazzaɓi, gane ciwon gaɓoɓi mai yawo da fizge-fizge, da yin allurar ba tare da fargaba ba.

Wanzamai da masu kemis kuma, shawararmu kada a fara da kame. Su ne ke ganin yaran nan kafin kowa, kuma jama'a sun yarda da su. Wanzamai suna da sarakunansu, masu kemis suna da ƙungiyarsu. A kira su ta hannun masarautu, a nuna musu hoton ƙofar da ta lalace, a roƙe su duk yaron da ya zo da ciwon wuya da zazzaɓi su tura shi asibiti, mai kemis kuma ya daina gutsura maganin kwana 10. Haka malaman allo da shugabannin makarantun kwana da limamai da fastoci. A sa sanarwa a gidajen rediyon jiha da Hausa da Fulatanci da Kanuri da sauran harsunanmu kafin sanyin bana ya kankama.

Ku sayi eko na hannu ko da guda ɗaya ne a kowace shiyyar sanata don farawa, a ajiye a babban asibiti, a koya wa likita da ma'aikatan jinya biyu, a haɗa su ta waya da likitan zuciya na asibitin koyarwa mafi kusa. A sa doka a sashen awon ciki cewa duk mai cikin da ta ce tana haki, ko ba ta iya kwanciya sai a jingine, ko ta taɓa ciwon gaɓoɓi tana yarinya, a saurari ƙirjinta a tura ta eko a makon, kada a sallame ta da cewa nauyin ciki ne.

Aikin zuciya kuwa mun san ya fi ƙarfin jiha ɗaya. Gwamnonin jihohi 19 suna da zauren da suke haɗuwa. Ku kai musu shawarar a haɗa kuɗi a tsayar da cibiya ko da ɗaya ce a kowace shiyya, a cikin asibitocin koyarwar da ake da su, wadda za ta riƙa aikin balan-balan da tiyata duk mako da likitocinmu na gida, da jerin masu jira a bayyane, yadda ɗan manomi zai san lambarsa ba sai ya san wani ba.

Muna roƙon kowane kwamishina ya sa sashen cututtukan da ba a ɗauka na ma'aikatarsa ya ba mu amsa a bainar jama'a kafin a miƙa kasafin baɗi ga majalisa: nawa aka ware wa benzatin, kuma a wace ƙaramar hukuma za a fara buɗe rajista. In kuna bukatar waɗanda za su zauna da ma'aikatanku, ko su yi magana a rediyo, ko su raka su wurin sarakunan aska, akwai iyaye da marasa lafiya a cikinmu da suka ce a shirye suke, ni ma haka.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya taimake ku a kan aikinku.

Wassalam.

Taku,
Ma'aikaciyar jinya mai ritaya, a madadin iyaye da masu fama da tsukewar ƙofar zuciya.